Sallamar da ba ta tsallake katanga: kafin ku sayi ƙararrawar ƙofa

Yau zan ɗan jingine zancen abinci da magani, mu tattauna kan wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, amma ya taɓa kunyata ni, wato ƙararrawar ƙofa marar waya.

A watan Maris, lokacin da ranar Abuja ke kai ƙarshen ƙarfinta, gwaggona ta taso daga Zariya don ganin likita. Ta sauka a Zuba, ta shigo motar Kubwa, ta iso ƙofar gidanmu bayan azahar. Wayarta ta mutu tun a hanya. Ta ga madannin ƙararrawa a jikin get, ta danna sau uku, shiru. Ta yi sallama, shiru. Ta ɗauki dutse ta ƙwanƙwasa, amma janareton maƙwabta ya haɗiye ƙarar. Mu kuwa muna can ɗakin baya da yara, ba mu san wainar da ake toyawa ba. Baiwar Allah nan mai hawan jini da ciwon suga ta fi rabin awa a rana, sai da maigadin wani gida ya ba ta benci da ruwa, sannan ya zaga ya yi ta ƙwala mana kira ta bayan katanga. Da na buɗe, abin da ta fara cewa shi ne, "Ke 'yar nan, ashe a garinku sallama ma sai da wutar NEPA?"

Gaskiya ta faɗa. Ƙararrawar tamu irin wadda ake sokawa a soket ce, kuma tun safe babu wuta.

A gidajenmu na dā ba a san wannan matsala ba. Akwai zaure, akwai yaro a ƙofar gida da zai ruga ciki ya ce ana sallama da maigida. A Gwarinpa da Lugbe da Karu da Life Camp kuwa, doguwar katanga ce da wayar ƙaya a samanta, sai get na ƙarfe, sai filin ajiye mota, sannan a kai ga ƙofar falo, tagogi a rufe, fanka ko talabijin na aiki. Muryar mutum ba ta keta wannan duka. Za ku ce ai akwai waya. Akwai, amma waya tana mutuwa, layi yana ƙin shiga, kuma ɗanku mai shekara takwas da ya dawo daga Islamiyya ba shi da ita. Saboda haka ƙararrawa ta zama ɗan aiken da ke kai sallama ciki. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ɗan aiken da ke barci a bakin aiki ya fi rashinsa illa, domin wanda ke waje ya danna ya tsaya jira, ku kuma kun saki jiki cewa za ku ji.

Kayan guda biyu ne: madanni da ake liƙawa a waje, da ɗan akwatin da ke yin ƙara a ciki. Idan aka danna, madannin yakan aika saƙo ta iska irin na rediyo, kamar yadda makullin mota ke buɗe ta daga nesa. Ba a fasa bango, ba a jan waya, ba a kiran mai gyaran wuta. Shi ya sa ta dace da masu haya, waɗanda su ne da yawa a garin nan: ranar da kuka tashi, ku ciro abinku ku jefa a jaka.

Tambayar farko da za ku yi wa mai shago, kafin ta kuɗi ma, ita ce: na cikin gidan da me yake aiki? A tsarin da aka kasa masu amfani da wutar AEDC, 'yan rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, har zuwa E mai awa 4. Ko da an cika alkawarin, gidan da ke rukunin C zai iya yin rabin yini ƙararrawarsa ta soket tana kurma. Idan kuna da inbata ko sola, ku soka ta a soket ɗin da ke kan layinsu, ba ta cin wutar a zo a gani. Idan babu, ku nemi wadda na cikin ma batir yake ci, irin na rimot ko na agogon bango. Ni yanzu ita nake amfani da ita, har nakan ɗauke ta zuwa kicin ko bayan gida idan ina wanki.

Wanda zai sayi ta soket kuma ya duba ƙafafunta. Wutarmu bolt 230 ce, soket ɗinmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Wadda ɗan'uwa ya kawo tsaraba daga Amurka, idan an rubuta 110 ko 120 kawai a jikinta, sokawa ɗaya za ta ƙone.

Sai nisa. A jikin kwali za ku ga an rubuta mita 100, wani 300. Wannan lissafin fili ne fetal, inda babu bango ko ɗaya. Kowane bangon bulo yana rage ƙarfin saƙon, dakin bene ya fi ragewa, ƙarfe kuwa shi ne babban abokin gāba. Mutane da yawa suna liƙa madannin a jikin get ɗin kansa, washegari su ce an sayar musu da jabu. Ku sa shi a jikin ginshiƙin siminti, ko in dole sai a get, a sa ɗan katako tsakaninsa da ƙarfen. Ko a Kasuwar Wuse kuka saya, ko Gudu, ko Banex, gwajin cikin shago bai nuna komai ba, tunda taku biyu ne tsakani. Ku yi yarjejeniya da mai shago cewa za ku gwada a gida ku dawo da ita in ba ta kai ba. A gida kuwa, kafin a ɗaura komai, wani ya tsaya a get yana dannawa, ku zagaya ɗaki ɗaki da ƙofofi a rufe da janareto a kunne. Gidan bene yana bukatar akwati biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Madannin zai sha ruwan damina daga Afrilu zuwa Oktoba, ya sha ƙurar hunturu, ya sha rana. Ku nemi haruffan IP da lamba biyu a jikin kwalin: ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP44 yana jure feshin ruwa, IP55 da IP65 sun fi shi. Gam ɗin da ke zuwa a bayansa kuwa, zafin Maris yakan sake shi, gara a ɗaure da noti. Kada a kai shi sama inda sai babba. Ɗan firamare da mai keken guragu su ma baƙi ne.

Wani abin dariya da ke faruwa a rukunin gidaje masu kama ɗaya: idan maƙwabta suka sayi samfuri ɗaya mai araha, sai a danna a gida ɗaya ta yi ƙara a gida biyu. Ku tambayi wadda ake iya saita madanninta da akwatinta su kaɗai. Ta kuma kasance ana rage sautinta, saboda jariri mai barci, ana ƙarawa saboda tsoho mai nauyin ji. Mai walƙiya da fitila ta fi dacewa da gidan da ke da kurma. Yawan kiɗe-kiɗen da ake tallata su da shi, ni dai bai taɓa amfana mini komai ba.

Inda wannan abu ya fi shiga zancen lafiya shi ne cikin gida, ba bakin get ba. Idan kuna da tsohuwa da ƙafa ta yi rauni, ko wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko mai jego da aka yi wa aiki, ko yaro mai sikila da ciwo kan taso masa tsakar dare, ku saya musu madanni na daban. Yawancin akwatunan suna karɓar madanni fiye da ɗaya, kowanne da irin ƙararsa, don ku bambance kiran Hajiya da na baƙo. Iyayenmu suna da kunya da kawaici. Tsohuwa ta gwammace ta lallaɓa banɗaki ita kaɗai da dare a kan ta ɗaga murya ta tashi surukarta, kuma a wannan lallaɓawar ce, a kan tayil mai santsi, ake faɗuwa a karya ƙugu. Dannawa ta fi kira sauƙi a wajen mai kunya. Ku ce mata, "Hajiya, don Allah ko ruwa kike so ki danna, ba damuwa ba ce," kuma ranar da ta danna kada ta ga an ɓata rai, in ba haka ba ba za ta ƙara ba.

A ajiye shi ta ɓangaren hannun da ke da lafiya, ko a rataya mata a wuya da igiya. A sa wani a banɗaki, ƙasa ƙasa, inda wanda ya faɗi zai iya miƙa hannu ya taɓa. Akwatin ya kwana a ɗakin mai jinya, kuma a nan ba na ba da shawarar ta soket ko kaɗan sai in da inbata. Ku ware rana ɗaya a mako, misali Juma'a, a danna a ji. Sannan ku sani wanda ya suma, ko sugansa ya faɗi, ba zai danna komai ba. Leƙawa tana nan daram.

Yanzu ga gargaɗin da nake roƙon kowace uwa ta karanta sau biyu. Wasu madannai suna aiki da ɗan batir mai faɗi, mai sheƙi kamar kwabo, irin wanda aka rubuta wa CR2032. Yaro mai rarrafe yana ganinsa sai baki. Idan ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona naman wajen cikin awa 2 kacal, kuma da farko ba lallai a ga wata alama ba sai dalalar yawu, ko tari, ko ƙin abinci. Ko wanda ya daina aiki yana da sauran ƙarfin yin wannan ɓarna. Idan kuna zargin yaro ya haɗiye shi, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, kada a ce a bari a ga ko zai fito a bayan gida. A nufi asibiti nan take, a faɗa musu batir ne, domin a ɗauki hoto a ga inda ya tsaya. Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada suna da sashen gaggawa na yara. Cibiyar kula da guba da ke Washington a Amurka ta ba da shawarar cewa yaron da ya cika shekara ɗaya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10, har sau shida, a kan hanyar asibiti, muddin yana iya haɗiya kuma ba a wuce awa 12 ba. Zumar rage ɓarna take yi kafin a isa, ba magani ba ce, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Mafi sauƙi shi ne ku zaɓi madannin da murfin batirinsa ke ɗaure da noti, ko irin wanda ba ya cin batir sam, wanda ƙarfin dannawar ne ke samar masa da wuta.

Ga mai kemis, ko tela, ko uwargida mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a cikin gida, amfanin a fili yake: mai saye ba ya jira, gaba yake yi. Akwai kuma mai maganaɗisu da ake liƙawa a ƙyaure, da an turo ƙofa ta yi ƙara, ta yi kyau ga wanda kan shiga ciki ya yi salla ya bar shago.

Masu kyamara irin su Ring, kamfanin da Amazon ya saya a 2018, suna nuna muku baƙo a waya ko kuna ofis. Sai dai suna bukatar intanet da wuta ba yankewa, suna cin data, wasu sai an riƙa biyan kuɗin wata kafin su ajiye hoto. In kun saya, ku canja lambar sirrin da ta zo da ita, kuma ku karkata idonta ga ƙofarku kawai. Tsakar gidan maƙwabci da iyalinsa ba hurumin kyamararku ba ne.

Ita kuwa ƙararrawa zalla, abin da take faɗa kawai shi ne akwai mutum, ba ta faɗin wane ne. Tun sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 iyaye suka ƙara kaffa-kaffa, amma har yanzu a gidaje da yawa da an ji ƙara yara ne ke tseren zuwa buɗewa. Ku kafa doka: yaro ba ya zare sakata, ya kira babba, babba kuma ya tambaya ko ya leƙa ta 'yar kafar get tukuna. Su ma yaran a koya musu ladabin dannawa idan sun je gidan mutane. Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga, hadisi kuma ya ƙayyade shi sau uku, in ba a amsa ba a juya. Ba a ɗora yatsa a manta shi a kai. Akwai ƙararrawar da ke yin sallama da kanta idan an danna, na gani a gidaje, amma ni dai ina ce wa nawa, in an buɗe, su yi tasu da bakinsu.

Gwaggo ta dawo ganin likita bayan wata uku. Ta danna sau ɗaya na fito. Ta dubi madannin, ta dube ni, ta ce, "To, yau an kawo wuta ke nan?" Na ce a'a Gwaggo, batir ne.