Kafin a ɗaura wa yaranmu na'ura a goshi

1/ Masu yawo da bidiyon yaran China da na'ura a goshi, kuna ta "ina ma a kawo mana Kano", ku matso mu yi magana.

2/ A 2019 aka yi abin, a wata firamare da ke Jinhua, lardin Zhejiang. Na'urar kamfanin BrainCo ce, tana ɗaukar siginar lantarkin ƙwaƙwalwa. Fitila ta yi ja, yaro ya mai da hankali. Ta yi shuɗi, hankalinsa ya tafi. Shekarar ba ta ƙare ba aka dakatar da ita, da surutu ya yi yawa. Wannan ɓangaren ba kwa yaɗa shi.

3/ Ga binciken da ya kamata ku yaɗa. A 2017 Suzanne Dikker ta Jami'ar New York da abokan aikinta suka fitar da sakamakon sa wa ɗaliban sakandare 12 na'urar EEG a darasi 11 na bayoloji. Salo huɗu aka gwada: malami ya karanto, lacca, bidiyo, tattaunawa. Ƙwaƙwalen yaran sun fi tafiya tare lokacin bidiyo da tattaunawa.

4/ Eh, mutum 12 ne kacal, kar a mai da shi aya. Kuma mai da hankali daban, ganewa daban. Amma ku lura wa aka ɗora a sikeli: salon koyarwa. A Jinhua kuwa yaro aka ɗora.

5/ Yanzu kawo na'urar wani aji a Doguwa ko Riruwai. Malam ya miƙa wa monita littafi, monita ya cika allo, kowa na kwafa. "Kun gane?" "Eee!" Wallahi duk fitilun shuɗi za su yi. To wa zai sha bulala? Yaron da ya fito ba kari, yana zaune a ƙasa. Malam ma haka aka koyar da shi, haka ake mana a jami'a har yau.

6/ Tun Yunin 2024 Gwamna Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Madalla. In akwai kuɗi, a horar da malamai yadda ake jefa tambaya, a raba yara rukuni-rukuni su yi gardama kan darasi, a rage cunkoson aji.

7/ Duk ranar da kuka ji an ce kwangilar na'urar goshi, ku tambayi mai kwangilar ina za a yi mata caji a Riruwai.