Ƙa'idar awa 4 a asibitocin Ingila: laifin agogo ne ko na gado?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya sashen gaggawa na asibiti cikin dare ya san cewa babu abin da ya kai jira ciwo. Kana tsaye, naka yana kwance yana nishi, kana bin duk mai farar riga da ido ko zai waiwayo. Wannan ne ya sa na daɗe ina bibiyar wani gwaji da Ingila ta yi, ƙasar da ta ɗauki wannan jira ta ɗaura masa agogo, ta ce ga iyakarsa. Yau fiye da shekara 20 ke nan, kuma abin da ya biyo baya ya cancanci masu ruwa da tsaki a harkar lafiya su zauna su dube shi da idon basira.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2000 ne gwamnatin Tony Blair ta fitar da shirinta na gyaran hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS. Cikin alkawuran da ta ɗauka har da cewa duk wanda ya shiga sashen gaggawa, kafin awa 4 ta cika a duba shi, sannan a kwantar da shi, ko a tura shi wani asibiti, ko a sallame shi. Daga 2004 aka wajabta wa asibitoci su cika wannan ƙa'ida a kan kashi 98 cikin 100 na masu zuwa. Ba kuma wasa aka yi ba, domin shugaban asibitin da ya yi ta faɗuwa yana iya rasa kujerarsa. Cikin ɗan lokaci alƙaluma suka gyaru, jiran yini guda a kan benci ya ragu ƙwarai. A 2010 sabuwar gwamnati ta sassauta mizanin zuwa kashi 95.

To, daga nan ne labari ya sha bamban. Rabon da Ingila ta cika kashi 95 ɗin nan a faɗin ƙasa tun watan Yulin 2015. A Disamban 2022 abin ya faɗi zuwa kashi 65, kuma a wannan wata kaɗai mutum fiye da 54,000 ne suka yi sama da awa 12 suna jiran gado bayan likita ya riga ya ce a kwantar da su. A Disamban 2019, kafin annobar korona, irin waɗannan ba su kai 2,500 ba. Da abin ya gagara sai hukuma ta sauko da buri: ta nemi kashi 76 zuwa Maris na 2024, aka tsaya a wajen 74; ta nemi 78 zuwa Maris na 2025, nan ma ba a kai ba.

Masu sukar ƙa'idar suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Sun ce da zarar ka ɗora rayuwar ma'aikaci a kan lamba, to lambar zai yi wa aiki, ba mara lafiya ba. An ga haka ƙuru-ƙuru. Alƙaluman asibitocin sun nuna yadda ake rububin kwantar da mutane a cikin mintunan ƙarshe kafin awa 4 ta cika, kamar dai ciwon kowa ya san agogo. An samu inda ake barin mara lafiya cikin motar asibiti a bakin ƙofa, saboda agogo ba ya fara lissafi sai an shigo da shi. Mafi muni shi ne abin da ya faru a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009, inda bincike ya gano cewa ma'aikatan karɓar baƙi, waɗanda ba su da horon jinya, su ne ke tantance wanda ciwonsa ya fi tsanani, ana kuma janye likita daga mai jin jiki zuwa ga mai ƙaramin rauni don kada lokacinsa ya wuce. Rahoton Robert Francis na 2013 ya nuna yadda bin lamba da tsimin kuɗi suka danne tausayi a wannan asibiti. Saboda irin wannan ne a 2019 hukumar ta gwada ajiye ƙa'idar a wasu asibitoci 14 don neman wani ma'auni, amma daga baya aka ci gaba da amfani da ita.

Duk da haka, ni a ganina jefar da agogon kuskure ne babba. Dalilina na farko shi ne jira yana kisa, kuma wannan ba zancen baka ba ne. Wani nazari da aka buga a 2022 a mujallar likitocin gaggawa ta Birtaniya, wanda ya duba bayanan mutane fiye da miliyan 5, ya gano cewa a cikin kowane mutum 82 da aka jinkirta kwantar da su awa 6 zuwa 8, ana samun ƙarin mutuwar mutum guda cikin kwana 30. Da irin wannan lissafi ne ƙungiyar likitocin gaggawa ta ƙasar ta ƙiyasta cewa dogon jira yana da hannu a mutuwar kusan mutum 14,000 a 2023. Ana iya jayayya a kan adadin, amma da babu agogon, da wa zai ma san akwai abin jayayya?

Dalili na biyu shi ne wanda na fi so a tsaya a kai. Agogon yana rataye ne a ƙofar shiga, alhali cutar tana ƙofar fita. Likitan gaggawa yana iya duba mutum cikin rabin awa ya ce a kwantar da shi, amma ina gadon? Gadajen asibitocin Ingila sun ragu daga wajen 300,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen 141,000 a 2019, a daidai lokacin da tsofaffi ke ƙaruwa. Cikin waɗanda suka rage, a shekarun 2023 da 2024 kusan kullum akwai fiye da 12,000 da mutanen da suka warke ke kwance a kai. Likita ya sallame su, sai dai babu inda za su. Galibinsu tsofaffi ne, kuma gidajen kula da tsofaffi ba su da gurbi ko ma'aikata. (Mu da muke ganin kai tsoho irin wannan gida abin kunya ne, sai mu tuna cewa a wurinmu 'ya'ya mata da surukai ne ke ɗauke da wannan nauyi ba tare da an biya su ko kwabo ba.) Idan na sama bai tashi ba, na ƙasa ba zai hau ba, sai ya kwana a baranda a kan gadon turawa, motar asibiti ta tsaya a waje da nata, wanda kuma zuciyarsa ta buga a gida ya yi ta jiran motar da ba ta dawo ba. Binciken da Lord Darzi ya miƙa wa gwamnatin Keir Starmer a Satumban 2024 ya jaddada wannan, tare da nuna yadda aka yi shekaru ana tauye kuɗin gine-gine da kayan aiki. Saboda haka ministan da ya tasa ma'aikatan gaggawa a gaba da faɗa ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Abin lura kuma, a shekarun da ƙa'idar ta yi aiki, ba ita kaɗai ta zo ba. Ta zo ne tare da ƙarin kuɗi mai yawa da ɗaukar likitoci da ma'aikatan jinya. Da ƙarin kuɗin ya ja baya bayan 2010, lambar ma ta bi shi.

Me ya kawo wannan zance shafinmu? Na farko, 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi ƙaura suna cikin masu tsayuwar dare a waɗannan barandu. Na biyu, mu ma mun taɓa aro daga can: a 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM da taimakon Birtaniya, don hukumomi, har da asibitocin tarayya, su rubuta alkawarin da suka ɗaukar wa jama'a. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuwa ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta tanadi tara ko ɗauri. Amma doka ta ce a karɓe shi ne, ba ta ce cikin minti nawa ba, kuma tsakanin karɓa da dubawa akwai yankar kati da neman jini da aiken ɗan'uwa sayen safar hannu.

Shawarata ga kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitocin koyarwa ita ce kada su yi gaggawar shelanta wata awa 4 tasu, domin za a cika ta a takarda kafin wata ya ƙare. Su fara da rubuta lokaci uku a katin kowane mara lafiya: sa'ar da ya iso, sa'ar da likita ya gan shi, da sa'ar da ya samu gado. A tattara, a liƙa a bakin ƙofa duk ƙarshen wata, kuma a shekarar farko kada a hukunta kowa a kan abin da lambar ta nuna.