Kukan ɗan tsako magana ce



Da aka ba mu hutu a jami'a na koma gida Kankiya, ana tsakiyar hunturu, sai na tarar ƙanena da ke SS2 ya zuba ɗan kuɗin da ya tara a 'yan tsaki 25 'yan kwana ɗaya. Burinsa ya yi kiwo ya sayar, ya fara haɗa kuɗin rajistar NECO ta baɗi. Ya kewaye musu kusurwar shagonsa da kwali, ya shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ya ajiye kaskon garwashi a tsakiya.

Guda 24 suna ta cin abinci lafiya lau. Ɗaya kuwa ɗan mitsitsi ne, ga shi da tsiyu-tsiyu dare da rana, har barci ya gagare mu. Ranar ta uku ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ba mai rayuwa ba ne, mu ƙyale shi."

A ranar ne kakarmu ta zo daga Kusada. Ta tsaya ta saurara, ta ce, "Tsakon da ya ƙoshi, ya ji ɗumi, ba ya ihu. Ku bincika abin da ke damunsa." Ga abin da muka duba, ku ma ku riƙe.

Na farko, ɗumi. A makon farko 'yan tsaki suna buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Ko ba ku da ma'auni, su da kansu za su gaya muku. In sun cunkushe a jikin kasko suna ihu, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina suna kiwo, daidai ke nan. Namu, manyan sun tare bakin kasko sun bar ƙaramin a gefen da iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Muka toshe nan, amma muka bar taga ta sama a buɗe, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe kaji, yana kashe mutum.

Na biyu, ruwa da abinci. Ku shafa ƙasan wuyan tsako: in ya ci, za ku ji 'yar jaka cike da laushi. Tasa wayam take. Muka tsoma bakinsa a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, ba ɗura ba, don kada ya shaƙe. Muka jiƙa masa abincin 'yan tsaki ya yi taushi.

Na uku, muka juya shi. Ashe kashi ya bushe ya toshe duburarsa. Wannan kaɗai yana iya kashe tsako. Da tsumma da ruwan ɗumi muka jiƙa a hankali har ya fita, muka tsane shi sarai kafin mu mayar.

Daga nan muka ware shi a ƙaramin kwali kusa da wuta, tare da wani ɗan'uwansa mai sanyin hali, saboda tsako shi kaɗai kukan kewa yake yi. Daren nan muka yi barci.

In kun yi duk wannan kuka bai tsaya ba, ko kun ga zawo da jini, ko wasu ma sun fara lanƙwashewa, ku garzaya wurin malamin dabbobi. Ku tambaye shi kuma ranakun rigakafin Niyukasul da Gumboro.

Tsakonmu yana nan. Har na dawo makaranta bai kamo 'yan'uwansa girma ba, amma shi ke fara isa wurin abinci. Ƙanena ya ce wannan ba na sayarwa ba ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.