Ƙishirwar da Ruwa Ba Ya Kashewa

'Yan'uwa matasa, mabiya addinin Buda suna da wata kalma da ya kamata mu tsaya a kanta. A harshen Pali, wanda aka rubuta tsofaffin littattafansu da shi, kwaɗayi sunansa "tanha", wato ƙishirwa. A koyarwarsu ita ce tushen wahalar ɗan adam: in ka samu ka ƙara so, in ka riƙe tsoron rasawa ya hana ka barci.

Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buda, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu. Ya bar fada yana da shekara 29. Ya yi shekara shida yana horon jikinsa, har da yunwa mai tsanani, kafin ya gane wannan ma ba mafita ba ce. Shi ya sa bai ce dukiya ita ce cutar ba. Akwai attajirai cikin mabiyansa, kamar Anathapindika, wanda ya sayi lambun Jetawana ya ba shi da almajiransa. Abin da ya yaƙa shi ne zuciya ta manne wa abu.

Kuma ba su bar zancen a baki ba. A Tailan sufayensu kan fita da sassafe da kwano, ba sa buɗe baki su roƙa, abin da aka zuba musu shi za su ci, daga tsakar rana kuwa babu sauran cin abinci sai gobe. Dokarsu ta hana su karɓar kuɗi, ko da yake ba kowannensu ke kiyaye ta ba.

A kan ceto hanyarmu da tasu dabam. Su da ƙoƙarin kansu suke neman 'yanci, mu alherin Yesu muka dogara gare shi. Amma wannan bai wanke mu ba. A Luka 12 Ubangiji ya gargaɗe mu game da haɗama, a 1 Timoti 6 Bulus ya koyar da wadar zuci. Ayoyin mun haddace su. To, wace al'ada muke da ita ta yau da kullum da ke horon kwaɗayinmu? Azumi muna yi, sai dai sau da yawa don a ƙara mana ne. A lokacin ba da shaida, mota muke ji, da sabuwar waya, da biza. Da wuya wani ya tashi ya gode wa Allah domin abin da ya daina sha'awa.