Lalita Pawar da Fuskar Muguwar Uwar Miji

Wanda duk ya saba da fina-finan Indiya na dā, da wuya a ce bai taɓa tsine wa Lalita Pawar ba, wadda ta shahara da fitowa a matsayin muguwar uwar miji. Amma a ganina, wannan tsinuwa shaida ce ta gwanintarta. A 1942, ana cikin ɗaukar fim, ɗan wasa Bhagwan Dada ya mare ta har idonta na hagu ya nakasa, ƙaddarar da ta raba ta da matsayin jaruma, ita kuwa ta mai da aibin jarinta. Alhali ba sharri kaɗai ta iya ba, domin a fim ɗin Anari na 1959, inda ta fito dattijuwa mai tausayi, mujallar Filmfare ta ba ta lambar yabo.