Daga Bakin Rumfa: Inuwar Likita Bwanyi

Shekaranjiya wani yaro da ke taya ni sauke albasa a Ajame ya ga tsohon hoto a rumfata, ya ce, "Baba, wannan wane ne?" Na ce kai, haifaffen Abijan bai shaida Bwanyi ba? Shi ya sa yau zancen nasa ne.

An haifi Félix Houphouët-Boigny a Yamusukuro. Ya yi karatun likita a Dakar, ya gama a 1925, ya dawo Kwaddibuwa yana duba marasa lafiya a Abijan da Giglo da Abanguru. A can ƙauyuka ya ga abin da allura ba ta warkarwa: mutanen da Turawan Faransa ke kwasa aikin tilas a gonaki da hanyoyi, da manoman koko da ake saye amfaninsu da arha. Ya gane cutar ba a jiki kaɗai take ba. A 1944 ya kafa ƙungiyar manoma baƙar fata, a 1945 aka zaɓe shi majalisar Faransa, a Afrilun 1946 aka zartar da dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta soke aikin tilas. Kakanninmu na Nijar ma sun sha iska da ita. Daga 1960 ya riƙe ƙasar har rasuwarsa ranar 7 ga Disamba, 1993.

Ni na sauka Abijan ina saurayi, daga wajen Madawa, a bayan motar albasa. Wallahi lokacin baƙo bai san shi baƙo ba ne. Tsohon ya buɗe ƙofa, yana ganin ƙasa ta mai noma ta ce. Har ƙuri'a baƙi 'yan Afirka suka riƙa jefawa. Ba na ce ba shi da laifi ba: jam'iyya ɗaya ya yi ta mulki da ita har 1990, ya kuma gina ƙatuwar majami'a a garinsu daidai lokacin da kuɗin koko ya faɗi, manoma na kuka. Katin zama na baƙi ma a ƙarshen zamaninsa aka fito da shi.

Amma ga inda nake so ku tsaya. Duk daɗin nan da muka sha, a bakin mutum ɗaya yake, ba a takarda ba. Da ya kwanta dama sai aka fara tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali. A 2002 rikici ya ɓarke, aka rushe unguwannin talakawa a Abijan. Maƙwabcina, dattijo mai goro, shekara talatin a gidansa, ba shi da ko ƙyallen takarda, don da shaidar baki ya saya. Da buhun kaya ɗaya ya koma gida.

To, 'yan uwa na Akkara, Kwatano, Duwala da Lome, icen da ka samu da inuwa ba kai ka dasa ba. Ka yi wa 'ya'yanka takardar haihuwa tun suna goye. Filin da ka saya, a rubuta, a buga hatimi. Katinka kada ya mutu a aljihu. Uwargida, ke ma ki san inda takardun suke.

Yaron nan na tambaye shi tasa takardar, sai ya sunkuyar da kai. Ran Litinin tare za mu je.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.