Yaron da ƙwaya ta kama, gidansu ne asibitinsa na farko

Tun shekarar 1987 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 26 ga watan Yuni domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A Nijar, daga Yamai har Maraɗi, Tawa da Damagaram, ƙwayar da ta fi shiga hannun samari ita ce taramol. Asalinta maganin ciwo ce, likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100. Wadda ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya kuwa takan kai miligiram 225. Yaro ya fara sha don ya jure aiki, sai jiki ya saba, wani ma ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya.

Idan asiri ya tonu, uwaye da yawa duka suke fara yi, sannan kora, ko ɗauri, ko a miƙa yaro ga ƴan sanda. Yaron da aka kora daga gida ba shi da masauki sai wurin abokan da suka koya masa sha.

Akwai wata hanya da masana suka gwada. A shekarun 1970, a jami'ar Miyami ta Amurka, José Szapocznik da abokan aikinsa sun yi aiki da iyalan da suka yi ƙaura daga Kuba, waɗanda ƴaƴansu suka kangare. Maimakon a keɓe yaro shi kaɗai, sai a tara uba da uwa da duk mai faɗa a ji a gidan, a zauna sau ɗaya a mako, kamar zama 12 zuwa 16. Ma'aikaci yana lura da yadda suke magana: wa ke tsawa, wa ke rufa wa yaro asiri, wa ya janye jikinsa. Daga nan ya taimaki uwaye su haɗa baki a kan doka guda: lokacin dawowa gida, sanin abokai, zuwa lakwal ko wurin sana'a. Yakan nuna wa yaro cewa faɗan ubansa tsoron rasa shi ne. Idan maigida ya ƙi zuwa, aikin farko shi ne shawo kansa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga gidan Bahaushe, inda kawu da gwaggo da kaka suke da bakin magana a kan tarbiyya. Abin da ya rage shi ne a koya wa ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a yadda ake jagorantar irin wannan zama, a kuma sa masu unguwanni da limamai su nuna wa magidanta ƙofar likita, domin barin taramol farat ɗaya yana wahalar da jiki, yana bukatar kulawa.

Hukunci mai tsanani ya dace da dillali. Yaro mai shekara 15 kuwa magani yake bukata, da uwaye masu zama su saurare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.